Ɗan Ragon da Rali Ta Zaɓa

Kamen direban motar safa ne a garin Lovech, kuma ba mugun mutum ba ne. Aibinsa ɗaya: ba ya jure kukan yaro. Da zarar ya ga 'yarsa Rali, mai shekara shida, ta fara taɓe baki, sai ya jefa mata ƙarya mai daɗi ya wuce. Shi a ganinsa rarrashi ne.

Saura mako biyu bikin Gergyovden, ranar da gidaje ke yanka ɗan rago, mahaifiyarsa Genka ta ishe shi da waya a kan ya je ya zaɓo na bana. Matarsa Nevena kuma ta matsa masa ya fita da su shan iska. Sai dabara ta faɗo masa. Gonar tsoho Dicho tana bayan gari. A gabanta yara ke wasa da zomaye da jaki, suna ba 'yan raguna madara a kwalba, a bayanta kuma ake sayar da ragunan. Ya ce a ransa tafiya ɗaya ta wadatar.

Ranar Asabar suka isa su uku. Dicho ya tare su a bakin shinge.

"Kamen ɗan Genka! Wannan tumbin fa? Motar ke ɗaukarka ko kai ke ɗaukarta?"

"Kawu, bar ni da tumbina, ka je ka nemo haƙoranka."

Rali ba ta tsaya sauraronsu ba. Tuni ta durƙusa a cikin ciyawa, wani ɗan rago mai baƙin kunne yana fizgar kwalba a hannunta, madara na zuba a rigarta.

"Wanne ya fi burge ki?" in ji Kamen.

"Wannan! Sunansa Gawayi."

Kamen ya ɗaga wa Dicho gira. Tsohon ya ɗauko buroshi ya shafa shuɗin fenti a bayan ɗan ragon, kamar yadda yake yi wa duk wanda aka saya.

"Baba, me ya sa ya shafa masa fenti?"

Dicho ya buɗe baki, Kamen ya riga shi. "Alamar naki ne. Babu mai taɓa shi."

Nevena ta ja shi gefe. "Kamen, gaya mata gaskiya. Za ta yi kuka ta share hawaye, shi ke nan. Mu ma haka muka taso."

"Ke, rana ɗaya nake hutawa a mako. Ki bar ni in huta."

Ranar biki suka tafi ƙauye gidan Genka. Kamen ya zaunar da Rali a ɗaki, ya miƙa mata wayarsa ta yi kallo. A bayan gida aka ɗora wa ɗan ragon furanni a ka, aka lasa masa gishiri, aka yanka. Abin da Kamen ya manta shi ne al'adar da aka yi masa shi kansa yana ƙarami: ana ɗiga wa yaran gida jinin a goshi don su shekara lafiya. Kafin ya ankara Genka ta fito da jikarta ta dangwala mata.

Rali ta ɗaga kai. Fata na rataye a reshen bishiya, ga shuɗin fenti, ga baƙin kunne.

"Wani ne daban," in ji Kamen da sauri. "Kama ce kawai."

"Wane irin daban?" Genka ta yi dariya, don ba ta san komai ba. "Shi ne dai. Dicho ya ce jikata akwai ido, mafi ƙiba ta zaɓo mana."

Kamen ya tsaya yana jiran kuka. Kukan bai zo ba. Rali ta dubi fatar, ta dube shi, ta koma ɗaki da jinin a goshinta. Da aka zauna cin abinci ta ci burodi da cuku, ta ce ta gode. Shi kuwa ya yi ta tauna nama bai ji ɗanɗanon komai ba. Ba baƙin ciki ya ji ba, ba kunya ba. Ji ya yi kamar jikinsa ba nasa ba.

Tun daga ranar Rali ba ta yi masa tsiwa ba, ba ta guje shi ba. Ta dai daina tambayarsa komai. Idan ya ce za a yi ruwa, sai ta leƙa taga ta gani da kanta.

A watan Satumba ta shiga makaranta. Ranar farko suka raka ta har bakin aji, tana riƙe da furannin da za ta ba malama. Kamen ya durƙusa a gabanta.

"Kada ki ji tsoro. Ƙarfe sha biyu zan zo in ɗauke ki, na yi miki alkawari."

Wannan karon gaskiya yake faɗi, har hutun aiki ya ɗauka saboda ranar. Rali ta dube shi babu fushi, babu komai a fuskarta. Ta juya wajen uwarta.

"Mama, ke ki zo."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mu sayi shirun yaro da ƙarya. Yaro yana iya ɗaukar gaskiya mai ɗaci idan wanda ya yarda da shi ne ya gaya masa, ya kuma zauna kusa da shi har ya gama kukansa. Amma idan ya gano cewa maganar ubansa ba abin dogara ba ce, to ranar da uban zai faɗi gaskiya ma ba za ta shiga kunnensa ba.