Saƙon da Yaya Ya Bar wa Auta a Cikin Akwati

Akwai wani yaya da ƙanwarsa da suka buɗe ɗan kamfani a saman wani bene, ɗaki biyu da baranda. Sana'arsu haɗa ƙananan akwatunan kwamfuta da ake maƙalawa a saman ƙofa. Ka kara katinka, akwatin ya duba. In kai ne mai ɗakin ƙofa ta buɗe, in ba kai ba ne sai ka yi ta tsayuwa.

Yayan shi ne shugaba. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Matsalarsa ɗaya ce: in ya rubuta abu, to an gama, ko ɗigo ba a taɓa masa.

Ƙanwar kuwa kowa Auta yake ce mata, har ma'aikatan da suka girme ta. Karatu ɗaya suka yi da yayan nata, kuma aikinta a kamfanin shi ne duba duk abin da aka rubuta kafin a zuba shi cikin akwati. Wato ita ce mai cewa "akwai gyara" a wurin mutumin da bai taɓa yarda yana da gyara ba. Ku ƙiyasta irin ciwon kan da take sha.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, bari in ɗan yi muku bayani don kada in bar ku a baya.

Idan aka kunna irin wannan kwamfuta, kafin ta yi komai sai ta karanta wani ɗan layin umarni, kalmomi ne a jere da sarari a tsakaninsu. A wannan lokacin ne take zaɓar inda za ta ajiye zuciyar manhajarta a cikin ƙwaƙwalwarta. Dabarar ita ce duk tashi ta canja wuri, yau nan, gobe can, don masu kutse su rasa inda za su nufa. Amma akwai wata kalma, nokaslr, wadda in tana cikin layin sai na'urar ta daina canja wurin. Injiniyoyi kan saka ta lokacin gwaji, don komai ya tsaya wuri ɗaya su gano kuskure. In an gama gwaji sai a cire.

To, Yaya ne ya rubuta ɗan shirin da ke karanta wannan layi a akwatunansu. Da ya iso teburin Auta, ta karanta, ta sake karantawa, ta yi ajiyar zuciya. Ta ɗauki kwamfutarta ta nufi ofishinsa.

"Yaya, shirin nan naka ba kalma yake nema ba, haruffa yake nema."

Bai ɗago kai ba. "Meye bambancin?"

"Duk inda haruffan nan suka fito a jere, ko a tsakiyar wata magana daban ce, zai ɗauka umarni aka ba shi, ya kashe tsaron. Kamar maigadin da aka ce in ya ji 'wuta' ya busa usur, sai wani ya ce 'an kashe wuta', ya hau busawa."

Yaya ya yi dariya har da buga tebur. "Ke dai kin iya kawo misali. To wa zai je ya cusa wannan kalmar a tsakiyar wata magana? Mahaukaci?"

"Ban san wa ba. Shi ya sa ake gyarawa tun yanzu. Abu kaɗan ne fa. A yanka layin a kan kowane sarari, a gwada kowace kalma ita kaɗai. Kafin shayinka ya huce na gama."

"Auta, ni na koya miki riƙe linzamin kwamfuta. Yau kuma ke za ki koya min karanta layi?"

Wannan maganar linzamin ta ji ta har ta gaji. Ta ji ta ranar da ta karɓi takardar digirinta, ta ji ta ranar da suka buɗe kamfani. Ta tabbata ko da furfura ta cika mata kai sai ya tuna mata da ita.

Ta koma teburinta ta rubuta gyaran, ta tura masa. Ya mayar mata da hoton fuska mai dariya har da hawaye. Ta sake turawa da ƙarin bayani. Ya rubuto, "Ki samu abin yi."

A gida ta kai ƙara wurin mahaifiyarsu. Umma tana ninke wanki, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni ban san waɗannan haruffan naku ba. Amma yayanki ne, ki bi shi a hankali."

"Umma, a hankalin nake binsa tun ina rarrafe. Har yau ban kamo shi ba."

"To ki ƙara."

Auta ta kwashi nata kayan ta shige ɗaki tana ƙunƙuni.

A kwanakin ne babban aiki ya faɗo musu. Wata mata da ke kula da ɗakunan kwanan ɗalibai mata, wadda kowa ke kira Manaja, ta ce a saka akwatunan a ƙofofin gini ɗaya tukuna. In mai binciken tsaro da za ta ɗauko ya gamsu, sauran gine-ginen duk nasu ne. Ma'aikata suka yi ta murna, har wani ya fara maganar ɗaura aurensa da ya daɗe yana ɗagawa.

Auta ta sake tayar da maganar gyaran. Yaya ya ce in ta ƙara ambata masa sarari da kalma sai ya toshe kunne. Da ta ga ba ci gaba, sai ta yi iyakar abin da ke hannunta: ta bi layin umarnin a nutse, ta cire kalmar gwajin, ta kunna akwati ta ga adireshin, wato wurin da zuciyar manhajar ke zama, yana canjawa kamar yadda ake so. Ta ce a ranta, shirin dai gurgu ne, amma in ba a taɓa layin ba zai yi tafiya.

Daga nan Yaya ya tura ta wani gari karɓo kayan aiki. Kafin ta dawo ya rufe manhajar, an zuba ta a akwatuna, an bi ƙofa ƙofa an ɗaure.

Ta tambaye shi, "Ba ka dai taɓa layin ba ko?"

Ya yi wani murmushi. "Kwantar da hankalinki. Har saƙo na bar miki a ciki."

Ta ɗauka irin tsokanar da ya saba ce. Gajiyar hanya kuma na cinta, sai ta bar maganar.

Ranar bincike suka hallara da safe a ofishin Manaja, ɗan ɗaki a ƙasan bene mai fanka mai ƙara da allon makullai a bango. Yaya ya sha sabuwar riga da turare. Mai binciken dattijo ne marar hayaniya. Ya sa aka kwanto akwati ɗaya, ya jona waya tsakaninsa da kwamfutarsa, ya kunna. Wasu lambobi suka fito. Ya nuna da yatsa.

"Wannan shi ne adireshin zuciyar manhajar. In na kashe na kunna, ya kamata ya canja."

"Zai canja," in ji Yaya, yana gyara zaman agogonsa.

Dattijon ya kashe, ya kunna. Lambobin suka dawo yadda suke.

"Dace ne kawai," in ji Yaya.

Aka sake. Ko ɗigo bai motsa ba.

"Wayar nan taka ce ba ta da kyau."

Dattijon bai yi musu ba, ya ciro wata wayar a jaka ya canja. Lambobin nan dai su ne.

"To kwamfutarka ce."

Auta ta ƙura wa lambobin ido. Ita da hannunta ta cire kalmar nan. Ta matso kusa ta ce, "Baba, don Allah nuna mana layin umarnin gaba ɗaya."

Dattijon ya danna, layin ya fito. Farkonsa daidai yake, tsakiyarsa daidai. A can ƙarshe kuwa ga wani sabon abu da ba ta taɓa gani ba.

Manaja ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma: "bayani=auta-an-cire-nokaslr-sai-ki-huta." Ta ɗago kai. "Wace ce Auta?"

Dattijon ya ɗora yatsa a kan nokaslr da ke tsakiyar saƙon.

Ashe tsokanar da Yaya ya rubuta don ya nuna wa ƙanwarsa an cire kalmar, ita ce ta mayar da kalmar. Shirinsa ya ga haruffan a tsakiyar maganar, ya ɗauka umarni ne, ya kashe tsaron a kowane akwati na ginin.

Dattijon ya yi wa Manaja bayani a taƙaice. Ya ce wannan kaɗai ba ya buɗe ƙofa, amma duk mai kutsen da ya samu wata 'yar kafa, an riga an nuna masa inda zai dosa, kuma wuri ɗaya ne a dukkan ƙofofin.

Fuskar Manaja ta canja. "'Ya'yan mutane ne ke kwana a bayan ƙofofin nan. Iyayensu ni suka damƙa wa amana. Wa ya yi wannan aikin?"

Auta ta ji maganar ta taso mata. Ban faɗa maka ba? Ban turo maka ba? Ga saƙonnin nan a wayarta, har da fuskar mai dariya. Buɗewa kawai za ta yi ta ajiye a tebur, ta huce haushin shekara da shekaru.

Ta kalli yayan nata. Gumi ya jiƙa wuyan sabuwar rigar sharkaf. Ba ta taɓa ganinsa haka ba.

Ta haɗiye maganar da ƙyar, kamar mai haɗiye ƙwaya babu ruwa.

"Ni ce Auta," ta ce. "Kuma mu ne muka yi. Kamfaninmu ya yi kuskuren, kamfaninmu zai gyara. Gyaran yana nan a rubuce, Baba zai iya dubawa yanzu."

Dattijon ya duba, ya gwada a akwatin, ya kashe ya kunna. Adireshin ya canja. Ya sake, ya sake canjawa. Ya gyaɗa kai.

Amma Manaja ba ta sauko ba. Ta ce su gyara kowane akwati na wannan ginin, dattijo ya dawo ya tabbatar. Sauran gine-ginen kuwa su manta da su, wani kamfanin za ta nema.

Suna fita, a bakin ƙofa, Yaya ya yi gyaran murya. "Ke ma dai, Auta, ai da kin ɗan nace..."

Ta tsaya cak. "Da na nace? Yaya, da na me? Na faɗa maka a ofis, ka yi dariya. Na rubuto, ka ce in samu abin yi. Na kai ƙara wurin Umma, aka ce in bi ka a hankali. Me ya rage, in hau rufin bene da lasifika? Yanzun nan na rufa maka asiri a gaban mutane, ko numfashi ban gama saukewa ba, za ka ɗora min? Wallahi ka bar ni in ji da abu ɗaya!"

Masu wucewa suka fara waiwaye. Yaya ya sunkuyar da kai. Da suka isa ofis, shi da bakinsa ya sanar da ma'aikata cewa babban aikin ya kuɓuce, ya kuma faɗi dalilin bai rage komai ba. Mai shirin aure ya zauna a kan kwali ya dafe kai.

Wahalar kuma ba ta ƙare a nan ba. Wannan ɓangare na manhajar ba a gyara shi daga nesa, Yaya da kansa ya tsara haka. Dole a bi kowace ƙofa, a hau tsani, a kwance akwati, a jona waya, a zuba gyara, a mayar a ɗaure. Ma'aikata suka ce za su yi. Ya ce a'a, shi zai hau.

Haka suka yi ta yi. Yaya a saman tsani da sukundireba a baki, Auta a ƙasa, hannu ɗaya riƙe da tsani, ɗaya riƙe da kwamfuta. Hawa bayan hawa, ƙofa bayan ƙofa, har tafin hannunsa ya yi kanta.

Wata rana suna dogon lungun hawa na sama, wata ɗaliba ta fito da littattafai a ƙirji, ta tarar tsani ya tare mata hanya. Ta ja tsaki.

"Malam, kullum sai kun toshe mana hanya. Ina shugabanku ne? Ƙara zan kai."

Yaya ya cire sukundireban daga bakinsa, ya share gumi da hannun riga, ya nuna ƙasa.

"Ga ta nan. Ita ce riƙe da tsanin."

Auta ta ɗaga kai ta kalle shi. Sannan ta matsa wa ɗalibar ta wuce, ta ce, "Yaya, sukurun hagu bai zauna ba. Ƙara matse shi."

Ya ƙara matsewa.

Darasi: Girman shekaru ko na muƙami ba ya hana mutum kuskure, kuma wanda ya nuna maka gyara ba raina ka ya yi ba, so yake kada ka ji kunya a gaban jama'a. Ƙaramin gyaran da ka ƙi yi cikin sauƙi saboda girman kai, wata rana za ka yi shi da gumi, bayan ka jawo wa waɗanda ba su ji ba su gani ba asara. Kai kuma da gaskiya ta fito a bakinka, kada ka mayar da ita sandar dukan ɗan uwanka ranar da ya faɗi. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokan aiki, musamman wanda kuka san ba a isa a ce masa "akwai gyara" ba.