Manomin Rake da Haƙoransa na Ciki

An yi wani manomin rake mai fadama a bakin rafi, wanda duk ƙauyen suka san shi da fararen haƙora. Kowace safiya yakan zauna a ƙofar gida da asuwaki, ya yi ta goge haƙoran gaba har su yi ƙal. Amma na ciki, waɗanda suke tauna masa raken, bai taɓa kai asuwaki wurinsu ba.

Wata rana matarsa ta lura cewa da gefe ɗaya yake tauna tuwo. Ta ce, "Baban Tabita, ka riƙa kai asuwakin nan can ciki mana. Bakinka ya fara wari."

Ya ɓata rai ya ce, "Wa yake leƙa cikin bakina? Abin da mutane ke gani na wanke."



Ashe kogo ya riga ya kama haƙori ɗaya, ƙarami kamar ƙwayar gero. In ya sha ruwan randa sai zafin ya ratsa shi har ka. Sai ya cusa kanumfari a wurin, ya fita yana wa mutane murmushi. Haka ya yi shekara biyu.

Ranar da ya sare raken farko na wannan shekara, ya ɓare guda ya gatsa, sai haƙorin ya tsage. Kafin kwana uku kuncinsa ya kumbura har ido ya rufe, ga zazzaɓi. Matarsa ta kai shi asibiti. Likita ya haska bakin, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Baba, na gaban nan lafiyarsu lau. Na cikin ne, biyar sun ruɓe har saiwa. Da bara ka zo, da an cece su."

Aka cire su duka biyar.

Ya koma gida, abincinsa ya zama kunu da fate. Ya ci gaba da noman rake, yana kallon mutane suna sha a bakin gonarsa, shi kuwa bai ƙara ɗanɗana ba har ya tsufa.

To, ga ma'anar wannan misali. Haƙoran gaba su ne halinmu na ranar Lahadi, tufafi masu tsabta, waƙa da gaisuwa. Na ciki kuwa su ne zuciya, inda ƙyashi da ƙarya da riƙon mutum suke maƙalewa. Asuwaki shi ne addu'a da tuba ta kowace rana. Matar nan ita ce ɗan'uwan da ya faɗa maka gaskiya, ka yi fushi da shi. Allah yana gafarta wa mai tuba, amma akwai abin da zunubin ɓoye yakan cinye, ba ya kuwa sake tsirowa: aure, amana, shekarun ƙuruciya. Ku tsabtace haƙoranku har ciki safe da yamma. In kuma akwai inda ke yi muku zafi a zuciya, kada ku bari sai baɗi.