Tukkun Gauraka da Kan Ungulu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

Sanƙo ne ya cinye kan Gauraka da na Ungulu. Kunkuru wanzami ya haɗa musu magani da man kaɗanya, ya ce, "Kullum ku shafa har damina ta faɗi."

Da ɗan gashi ya leƙo, sai Ungulu ta ce, "Bari in tuge in ga ko ya yi saiwa!" Kullum haka take yi.

Gauraka ya ce, "Ni dai shafawa aka ce."

Ranar ruwan farko, sai ga Gauraka yana rawa da tukku kamar zinariya!

Ungulu ta ce, "Wanzami ya cuce ni!"

Gauraka ya ce, "Maganinmu ɗaya, Yaya. Duba faratanki, naki gashin yana can."

Ƙurunƙus kan ungulu, har yau tal yake!