Alhaji Nu'man da Rufin Fwayen Zumunta

A unguwar Briqueterie ta birnin Yaoundé, wadda mazaunanta ke kira Birik, akwai wani dattijo mai suna Alhaji Nu'man. Yana da shagon shadda da atamfa a bakin titi, kuma ba a taɓa jin ya cuci kowa a ciniki ba. Ba ya rasa jana'iza, ba ya rasa suna. Aibinsa guda ne, amma babba: girman kai. Bai iya karɓar taimako daga hannun wanda yake ganin bai kai shi ba. A idonsa mutanen unguwa kashi biyu ne, 'yan asali da 'yan zuwa.

Shi ne shugaban Fwayen Zumunta, tsohon gidan taron da mahauta da fataken goro suka gina tun kafin ƙasar ta samu 'yancin kai. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka ɗora tubalin farko. A can ake sasanta rigimar kasuwa, a can ake ɗaurin aure idan gida ya yi ƙaranci, a can dattawa ke haɗuwa bayan la'asar su sha shayi su saurari rediyo. A da, duk baƙon da ya sauko daga arewa ba shi da masauki, ɗakin baya na fwayen ne masaukinsa har ya samu abin yi. Da Alhaji Nu'man ya zama shugaba sai ya soke wannan al'ada. Ya ce wurin ba tasha ba ne.

Gini ya tsufa. Kwanon rufi ya cinye, itatuwan da ke riƙe da shi sun ruɓe, bangon baya ya tsage tun daga sama har ƙasa. Wata rana ma'aikatan gari suka zo suka duba, suka zana jan kuros a jikin bangon gaba. Suka ce in ba a gyara ba kafin shekara ta ƙare, za a rufe wurin a rushe shi, don kada ya kashe mutane.

Aka kira taro ran Lahadi. Zauren ya cika har waje, har da waɗanda ba su taɓa shiga ba. Wani maƙerin walda mai suna Misbahu, mutumin Katsina da bai daɗe da zuwa ba, ya miƙe ya gaida dattawa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "mu 'yan walda da kafintoci mun yi shawara. In an samo kwano da ƙarfe, aikin rufi namu ne, ba za mu karɓi ladan hannu ba."

Alhaji Nu'man ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ɗan wane ne a nan?"

"Ni baƙo ne, Alhaji."

"To, mun gode. Wannan maganar 'yan gida ce."

Misbahu ya sa takalminsa, ya fita. Mutanensa suka bi shi.

Daga bakin ƙofa, inda mata suka tsaya, yayar Alhaji Nu'man, Hajiya Zuhura, ta yi magana. Ita ce uwar adashin matan da ke sayar da abinci a kasuwar Mokolo, kuma ita kaɗai ce ke kiransa da sunansa kai tsaye. Ta ce matan sun yarda su ba da zubi guda cif, kuma kowace za ta riƙa ajiye wani abu daga cinikin kowace rana.

"Adda, ki ce musu Allah ya saka," in ji shi. "Amma gidan da ubanmu ya gina ba za a rufe shi da canjin masu ƙosai ba. Ina da mutum."

Mutumin shi ne Alhaji Siddiƙ, mai manyan motocin dakon kaya, wanda ya tashi a Birik ya yi arziki ya bar ta. Alhaji Nu'man ya sa babbar rigarsa ya tafi wurinsa. Aka karɓe shi hannu bibbiyu, aka kawo lemo mai sanyi.

"Wannan ƙaramin abu ne, Shugaba," in ji Alhaji Siddiƙ. "Ka bar mini. Bari kawai in dawo daga Douala."

Ya dawo daga Douala ya wuce Ngaoundéré. Daga can aka ce kayansa sun maƙale a kan iyaka. Alhaji Nu'man ya zama ɗan gidan benci a ofishinsa. Yakan rufe shago ya je ya zauna, sakatare ya ce masa a dawo mako mai zuwa. Duk wanda ya tambaye shi a unguwa sai ya ce, "An kusa." Ana cikin haka babbar damina ta kama, ruwa ba dare ba rana.

Hajiya Zuhura ta same shi a shago yana jera yadi.

"Nu'man, ruwa yana shiga bangon nan. Ka bari mutane su fara da abin da ke hannunsu."

"Adda, in na karɓi nasu yau, gobe za su ce su ma suna da baki a fwayen."

"To, in sun ce fa? Baba da ƙafa ya zo garin nan bayan shanun wani. Wa ya tambaye shi ɗan wane ne?"

Ya ci gaba da ninke yadinsa kamar bai ji ba. Ta gyara mayafinta ta tafi.

Akwai wani tsoho, Baba Ɗanjuma, tsohon mahauci da idonsa ya yi rauni. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Ba shi da wurin zuwa sai fwayen. Ko ana ruwa yakan lallaɓo ya zauna a ɗakin baya, domin can ne ba ya jin iska. Wata Alhamis bayan la'asar, ana tsakiyar ruwa, bangon baya ya kwanta. Rabin rufin ya biyo shi.

Alhaji Nu'man yana shago aka zo aka gaya masa. Ya fita ba hula ba laima. Da ya isa, ya tarar 'yan moto, wato masu acaɓa, sun watsar da baburansu a kan titi suna kwashe tubali da hannu. Misbahu da abokan aikinsa sun sa ƙarfe sun ɗaga itacen da ya danne tsohon. Aka zaro Baba Ɗanjuma da rai, amma ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Ba wanda ya ce wa Alhaji Nu'man kome. Sun wuce shi da tsohon a hannu kamar ba ya wurin, kuma wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Washegari ya tafi asibiti. Ya zauna a gefen gado ya kasa haɗa ido da tsohon, ko da yake tsohon ba ya gani sosai.

"Baba, ni na jawo maka wannan."

"Allah ya ƙaddara," in ji Baba Ɗanjuma. "Amma kai ma da hannunka, ba zan ɓoye maka ba." Ya nisa. "Ka san ɗakin da ya faɗo mini? A cikinsa na fara kwana a garin nan. Na zo daga Maroua ba ni da ko tabarma. Babanka ya shimfiɗa mini tasa, ya kai ni mahauta da safe. In ana maganar 'yan zuwa, ni ne na farkonsu."

Alhaji Nu'man ya sunkuyar da kai.

"Kada ka zauna nan kana kallon ƙafata, ba za ta haɗu don kallonka ba. In aka rushe wurin nan, in na fita ban san inda zan zauna ba. Tashi ka je ka nemi mutane."

Daga asibiti bai koma shago ba. Ya nufi rumfar Misbahu. Ya same shi yana yankan ƙarfe, ya jira a tsaye har ya kashe injin.

"Malam Misbahu, na wulaƙanta ka a gaban jama'a. Na zo ka yafe mini, kuma na zo roƙon aikin da ka yi tayi."

Misbahu ya cire gilashin walda. "Alhaji, ni na yafe. Amma ba ni kaɗai ka kora ba. A gaban jama'a aka yi, a gaban jama'a ya kamata a gyara."

"Haka ne. Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci."

Ya cika alkawari. Ya tsaya a gaban ginin da ya rushe rabi, ya faɗi abin da ya yi ba tare da kwana-kwana ba, ya ce yana roƙon kowa, ɗan gida da baƙo, mace da namiji. Wasu suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wasu suka juya suka tafi.

Matan Mokolo ba su sauƙaƙa masa ba. Hajiya Zuhura ta tara su a bayan rumfarta, ta bar shi ya yi bayani da bakinsa. Wata mai sayar da waina, Fatu, ta ce, "Canjin masu ƙosai ya yi daraja ke nan, Alhaji?"

"Ya fi nawa daraja, Hajiya. Naku a hannu yake, nawa alkawari ne."

Suka yi dariya, amma suka kafa sharaɗi. In an gyara fwayen, mata za su riƙa yin taronsu a ciki, kuma za a sa biyu daga cikinsu a kwamiti. Ya amince nan take.

Lokaci ya ƙure, aikin kuma ya ninka, domin yanzu ba rufi kaɗai ake nema ba, har da bango. Alhaji Nu'man ya bar wa ɗansa shago. Kullum da safe shi da Misbahu da Fatu sukan bi layi-layi, daga mahauta zuwa teloli, daga masu gashin tsire zuwa masu gyaran waya. Ba ko'ina aka karɓe su ba. Wani tela ya ce masa ya koma wurin attajirinsa. Alhaji Nu'man ya ce, "Ka yi gaskiya," ya yi masa sallama, bayan kwana biyu ya sake komawa. A zuwa na uku telan ya ba da kuɗin ɗinkin riga guda, ya kuma shiga yawon da kansa.

Mahauta suka yanka sa suka sayar don fwayen. Matasa suka shirya wasan ƙwallo tsakanin Birik da unguwar Cité Verte, abin da aka samu a ƙofa ya tafi sayen siminti. 'Yan moto suka riƙa kawo yashi buhu-buhu a bayan babur idan sun sauke fasinja. Wata tsohuwa Bafulatana da ba ta jin Hausa sosai ta kawo kaji biyu. Alhaji Nu'man ya karɓa da hannu biyu, ya raka ta har bakin titi. Shi kansa ya sayar da motarsa, bai gaya wa kowa ba sai da aka ga yana hawa taksi kullum.

Duk da haka abin bai kai ba. Aka zauna aka duba, aka ga ba za a iya tayar da ɗakin baya ba. Wannan ɗaki, inda mutane da yawa suka fara kwana a garin, ya tafi ke nan. Aka share wurin ya zama fili. Aka sa ƙarfi a kan zauren gaba, aka ɗaure bango da ginshiƙan kankare, Misbahu da mutanensa suka hau sama suka buga sabon kwano. Ma'aikatan gari suka dawo ana saura kaɗan shekara ta ƙare. Suka zagaya, suka ƙwanƙwasa bango, suka ce a shafe jan kuros ɗin.

Ranar buɗewa Alhaji Nu'man ya miƙe ya ce ya sauka daga shugabanci. Aka yi ta ba shi baki, ya ce a'a, a zaɓi wani, shi zai ci gaba da zama memba kamar kowa. Sannan ya fita. Ba a daɗe ba ya dawo yana tura keken guragu, Baba Ɗanjuma a ciki. Ƙafar ta haɗu a karkace, likita ya ce ba zai ƙara takawa shi kaɗai ba. Aka buɗe masa hanya har gaba. Tsohon ya ɗaga kai yana sauraron ruwan da ya fara sauka a kan kwano, ya miƙa hannu ya jira, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

"To, ya yi," in ji shi. "Nu'man, gobe wa zai kawo ni?"

"Ni ne, Baba. Gobe da jibi, har iyakar raina ko naka."

Haka kuwa aka yi. Kullum bayan la'asar mutanen Birik sukan ga Alhaji Nu'man yana tura keken a hawan layin fwayen, yana haki, ba ya yarda kowa ya karɓe shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da jama'a suka gina, jama'a ne ke iya riƙe shi, kuma ba a tambayar asalin hannun da ya miƙo taimako. Wanda ya raina ɗan abin da maƙwabtansa suka kawo yana jiran babban alkawari, yakan wayi gari ba wannan ba wancan, kuma sau da yawa wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba ne ke ɗaukar raunin. Gyara kuskure abu ne mai kyau, ƙofarsa kuma a buɗe take ga mai ƙarfin halin sunkuyar da kai. Amma mai karatu ya tuna, akwai abin da in girman kai ya karya, neman gafara ba ya mayar da shi yadda yake. Gara a karɓi hannun jama'a tun bango yana tsaye.