Rinin da Ruwan Sama Ya Wanke

An yi wani mutum mai gyaran takalma, yana kuma sayar da na hannu. Ranar da labarinsa ya fara da hantsi ne, rana ta buɗe, zafi har kwalta tana danƙo. Yana zaune a rumfarsa da ƙusoshi uku a baki, sai ga wata yarinya riƙe da takalmin makaranta, maɗaurin ya tsinke.

Ya 'yan uwa, ni ba malami ba ne, karatuna bai yi nisa ba. Ku yi haƙuri da ni, mu bi labarin a hankali.

Mutumin nan sahun farko ba ya wuce shi a masallaci. In an zauna taron unguwa, shi ne mai dogon bayani a kan lalacewar 'ya'yan zamani, musamman mata. Har laƙabi aka sa masa, Ba-Sani-Ba-Sabo, shi kuwa yana jin daɗin sunan kamar sarauta aka naɗa shi.

Yarinyar shekararta goma sha uku. Ubanta ya rasu, uwarta wankau take yi a gidajen mutane, ita kuma tana raka ta da bokiti. Ya ɗinke takalmin, ta miƙa masa abin da uwarta ta ba ta, ya ƙi karɓa.

"Haba 'yata, ai ni da marigayi ɗaya muke. Amma ke da kike shiga gidaje, ba kya ganin takalma zube a bakin ƙofa? Wasu ma masu su sun manta da su. Ɗauko min ɗaya in ga irin ɗinkin."

Ta ɗauko. Ya ba ta alawa da ɗan canji, ya ce ta fi duk yaran unguwa hankali. Marainiyar da ba ta saba jin yabo ba, me kuke zato? Ta sake ɗaukowa. Duk inda mata suka taru suka tuɓe takalma a ƙofa, sai ta zaɓi mai kyau ta tura ƙarƙashin wanki. Wa zai binciki bokitin 'yar mai wankau?

Shi kuwa aikinsa a bayan labule yake. Ya kankare tambari, ya sauya dunduniya, ya shafe takalmin da baƙin rini. Ja ne, fari ne, ruwan toka ne, in ya fito daga hannunsa baƙi ne wuluk. Rini kuwa iri biyu ake sayarwa, mai kyau da na banza. Mutuminku na banzan yake saye, ya kuma tsinka shi da ruwa don ya yi auki. Ko a cikin sata ma sai da ya yi rowa.

Wata rana da la'asar aka kama ta, a gidan da mata ke taruwa karatu. Bokitin ya kife, takalmi ya faɗo. Wannan ta mare ta, waccan ta fizge mata ɗankwali, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Hayaniya ta kai rumfa, ya taso da gudu. Ba tausayi ne ya kawo shi ba, bakinta yake tsoro.

Tana ganinsa ta ji sanyi, ta zaci ceto ya zo. Ta ce, "Baba, ka faɗa musu, ai kai ne..."

"Kun ji ko? Ga sata ga ƙazafi! Ni sa'an ubanki? A kai ta wajen 'yan sanda yanzu, kafin ta ce limamin unguwa ne ya aike ta!"

Aka yi dariya, aka kai ta.

A wajen 'yan sanda ta maimaita maganarta, aka ce ta rufe baki. A kotu ma ta faɗa, aka dubi yarinya mai yagaggen ɗankwali, aka dubi dattijo mai farar riga, magana ta mutu. Alƙali ya so ya sassauta saboda ƙuruciyarta. Ya tambaya ko akwai wani babba daga unguwa da zai tsaya mata, a mayar da ita hannun uwarta. Duk ido ya koma kan mai takalma. Uwar ta durƙusa a gabansa tana cewa, "Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka."

Ya gyara riga, ya ce, "Ran alƙali ya daɗe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka saki wannan, gobe har ƙofofinmu za su cire."

Aka yanke mata shekara ɗaya a gidan gyaran hali. Gidajen da uwar ke wa wanki duk suka sallame ta. Shi kuwa ya dawo rumfa yana karɓar jinjina, yana cewa ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To ina tambaya. Takalma sun fi ƙafa talatin da suka ɓace a unguwar nan. Yarinya ƙafa biyu gare ta, kuma da tsohon takalmin makaranta aka kama ta. Ina sauran suka tafi? Ɗan sanda bai tambaya ba. Masu marinta ba su tambaya ba. An sami wadda ba ta da gata an ɗora mata kaya, kowa ya tafi ya yi barcinsa.

Wata bakwai suka wuce, damina ta kama. Matar mutuminku ta dame shi da maganar takalmi, nata ya mutu. Namiji na kirki zai shiga kasuwa ya sayo sabo. Shi sai ya ɗaga labule ya zaro baƙi guda ya ba ta, har yana yi mata gori.

Da safe ta saka ta nufi karatu, a gidan nan dai da aka kama yarinyar. A hanya ruwa ya tsuge. Ta isa a jiƙe, ta tuɓe a ƙofa, ƙafafunta baƙi ƙirin kamar ta taka gawayi. Mata suka fara tsokanarta. Can sai wata tsohuwar malamar asibiti ta tsaya tana kallon siminti. Baƙin ruwa na gangarowa daga takalmin, ja yana leƙowa. Ta ɗauka, ta goge maɗaurin da bakin mayafinta. Ga tabon ƙunar dutsen guga, wanda ita da hannunta ta yi a bara.

"Maman yara, a ina kika sayi takalmina?"

Baiwar Allah ba ta san komai ba. Ta ce, "Wallahi baban yara ne ya ba ni."

Ba su jira ruwa ya tsaya ba. Suka ɗunguma rumfa da bokitai. Suka yaye labule, suka riƙa tsoma takalma ɗaya bayan ɗaya. A tsoma baƙi, a ciro fari. A tsoma baƙi, a ciro kore. Wannan ta ce nawa ne, waccan ta ce na ƙanwata ne. Mutuminku yana rantse-rantse, yana cewa sayowa ya yi, aka ce a wajen wa? Mai dogon bayani a taro, yau ko kalma biyu ya kasa haɗawa. Maza suka zo aka yi ta jansa a cikin taɓo, hula ta yi gabas, takalmansa suka yi yamma.

Gaban alƙalin nan aka kai shi. Aka ɗauko yarinyar ta ba da shaida, ta rame, ba ta iya ɗaga ido. Abin da ta faɗa wata bakwai da suka wuce shi ta maimaita, ba ƙari ba ragi. Alƙali ya tambaya ko akwai mai tsaya masa. Babu wanda ya tashi. Aka sake ta, aka ɗaure shi. Matar ta kwashe yara ta koma gidansu, rumfar kuwa ko katako ɗaya ba a bari ba.

Ya 'yan uwa, rini ba ya canza asali. Ka shafe laifinka da farar riga, ka shafe shi da sahun farko, akwai ruwan da Allah ya tanadar masa. Wanda ya koya wa 'yar mutane sata, sannan ya riga kowa ɗaga murya a kanta, ina shi ina mutunci?

Amma kada mu tsaya a kansa. Waɗanda suka mare ta fa? Waɗanda suka yaɗa hotonta? Kowa ta ɗauki takalminta ta tafi gida, babu wadda ta taka zuwa ɗakin mai wankau ta ce ku yafe mana. In kun ga yarinya da kayan sata, ku tambayi hannun da ke karɓa kafin ku ɗaga naku.

Da aka fito da shi za a sa a mota, tsakar rana ce, rana ta dawo da zafinta. Ba takalmi a ƙafarsa, yana ɗaga wannan yana sauke waccan a kan kwalta, mutane na dariya. Yarinyar ta dubi uwarta. Uwar ta zare silifas ɗinta na wanki. Yarinyar ta ɗauka ta je ta ajiye a gabansa. Ya zura ƙafa, bai ko kalle ta ba, ya hau mota.

Allah ya kiyaye mu da zaluntar wanda ba shi da kowa sai Shi. Allah ya shirya mana 'ya'yanmu, ya shirye mu tare da su. Amin.