Fitilar da Nomau Bai Kunna Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Sana'arsa riƙe igiya ga masu yasar rijiya.

Ku saurara da kyau. Mutanen nan suna da al'ada. Tsohuwar rijiya takan tara muguwar iska mai kashe mutum ba tare da ya yi ko ihu ba. Saboda haka kafin kowa ya shiga, sai mai igiya ya kunna fitila ya zura ta har ƙasa. In ta dawo da wutarta, a shiga. In ta mutu, a haƙura. Shekara ashirin Nomau yana wannan, bai taɓa tsallakewa ba.

Ran nan da hantsi aka kira su wani gida, yasar wata rijiya da ta daɗe a rufe. Nomau ya ɗauki fitila zai nemo wuta, sai mai gidan ya tare shi da gaisuwa, ya ɗora da labarin akuyarsa da ta faɗa ciki bara. Da labari ya ƙare, Nomau ya dawo ya ajiye fitila a gindin bishiya, inda ya saba ajiye ta bayan an gama gwaji.

Ubangidansu, Arzika, ya ce, "Nomau, ka zura fitila?"

Ya ce, "Na zura."

Ku lura, ba ƙarya ya shirya ba. Bakinsa ne ya riga zuciyarsa. Rijiya uku suka yashe a makon, har yana ganin wutar tana sauka a idonsa. Amma wutar jiya ce.

Jatau, mai shiga, ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce, "Tsoho, riƙe ni da kyau, matata ta ɗora ɗanwake." Ya yi bisimilla ya sauka.

Igiya ta tafi gaba ɗaya, gaba biyu, gaba biyar. Sai Nomau ya tambayi kansa. A ina na samo wuta? Ya sunsuna yatsunsa, ba ƙaurin lagwani. Ya ce a ransa, ai na zura. Na zura kuwa? Igiya na ta tafiya. In ya yi magana, ya tozarta kansa gaban jama'a. In ya yi shiru, wataƙila ba komai. Wataƙila.

Ya danne igiya ya ce wa Arzika, "Maigida, a jawo shi. Ban tabbata na zura ba."

Arzika ya ce, "Kai da bakinka ka ce ka zura! Tsufa ne ko shaye-shaye ka fara?"

"Na faɗa, amma ban tabbata ba. Jatau! Jatau!"

Shiru.

Suka ja, su huɗu. Jatau ya fito kansa a langaɓe, sai da aka yi ta sheƙa masa ruwa sannan ya ja numfashi. Arzika ya je ya taɓa fitila, ya ji ta da sanyi. Aka kunna aka zura, ba ta kai rabi ba ta mutu.

Ba zan ce muku an kyauta wa Nomau ba. Arzika ya raba shi da igiya, ya mayar da shi kwasar laka, yara na yi masa waƙa. Nomau bai taɓa cewa laifin mai gidan da ya tare shi da labari ne ba. Amma daga ranar, ba wanda ya ƙara shiga rijiya a garin sai ya taɓa fitila da hannunsa ya ji zafinta.

To, ku direbobi, ku masu haɗa wuta, ku masu ba da magani a asibiti, da ku nake. Sabo yana sa zuciya ta shaida abin da hannu bai yi ba. Mantuwa ta ɗan Adam ce, Allah yana yafewa. Amma wanda shakka ta zo masa ya haɗiye ta don kada a yi masa dariya, ya sayar da ran ɗan'uwansa saboda girman kai. In aka katse ka kana cikin aiki, koma farko. In ba ka tabbata ba, buɗe baki ka ce ban tabbata ba, tun mutum yana numfashi.