Libarba Mai Ƙuntataccen Maƙogwaro

Akwai wani mutum mai gadin gandun daji, wanda ya shekara ashirin da biyu yana tsare namun jeji daga ɓarayin mafarauta. Duk cikin abokan aikinsa ba wanda ya kai shi saiti. In ya ɗaga doguwar bindigarsa, abin da ya auna shi yake samu, har sababbin ma'aikata sukan tsaya su kalli yadda yake riƙe ta.

Wata shekara aka raba wa masu gadin libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga da ramuka shida, wadda take juyawa tana kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya. An ba su ita ne domin lokacin da suke kwance dabba daga tarko, sa'ad da dole mutum ya ajiye doguwar bindigarsa a ƙasa. Mutumin ya karɓi tasa da murna, ya ɗinka mata kube na fata.

Da ranar gwajin harbi ta zo, aka kafa allo a nisan taki ashirin da biyar, aka zana masa da'ira kamar faɗin faifai. Mutumin ya harba shida, biyu kaɗai suka shiga da'irar. Sauran suka watse, ɗaya sama, ɗaya hagu, biyu ma ba a ga inda suka bi ba.

Shugabansu, wanda a haife bai wuce ɗansa ba, ya ja shi gefe ya ce, "Baba, shekaru sun ja, ido kuwa ba ya dawwama. Bayan mako biyu za ka sāke gwadawa. In haka ta maimaitu, sai mu mai da kai bakin ƙofa, kana buɗe wa motoci."

Mutumin ya ce, "To, ranka ya daɗe." Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya tafi asibiti aka duba idonsa, aka ce lafiya lau. Ya leƙa bututun bindigar, ya ga dalmar harsashi ta manne a ciki, ya goge ta tas. Ya sāke harbi, dalmar ta dawo, harsashin ya watse kamar dā. Sai ya ce a ransa, lalle bututun ne ba shi da kyau.

Ya ɗauki libarbar ya kai wa wani tsoho mai gyaran bindigogi a cikin gari, wanda hukuma ta yarda da aikinsa. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam, ka cire mini wannan bututu ka sa wani. Shi ne ya kunyatar da ni a gaban yara."

Tsohon ya karɓi libarbar. Ya kwance gangar ya ajiye a kan tebur, ya ɗauki kan harsashi na dalma, wanda ba albarushi a bayansa, ya sa a rami ɗaya. Da ya kai bakin ramin, sai ya cije. Sai da tsohon ya buga shi da sandar tagulla kafin ya fita. Sa'an nan ya tura wannan dalma cikin bututun, ya ɗaga bututun wajen taga, ya ce, "Zo ka leƙa."

Mutumin ya leƙa, ya ga haske yana ratsowa ta gefen dalmar.

Tsohon ya ce, "Bututunka ba shi da laifi, idonka ma haka. Bakin kowane rami shi muke kira maƙogwaro, naka kuwa duka shida sun ƙuntace tun daga ƙira. Harsashi yana fitowa daidai girmansa, maƙogwaron ya matse shi ya rage shi. In ya shiga bututu ya riga ya ƙanƙance, ba ya kama layukan cikin bututun da za su miƙe shi. Wutar albarushi tana bi ta gefensa tana narka shi, shi kuma yana tangaɗi."

Mutumin ya ce, "To, ka buɗa su sosai, kada su ƙara matse kome."

Tsohon ya girgiza kai. "Ƙanena, abin da na cire daga ƙarfe ba zan iya mayarwa ba. In na wuce ƙima, gangar ta lalace ke nan. Abin da za a cire bai kai kaurin gashin kanka ba."

Ya ɗauko ƙarfensa na buɗa rami, ya shafa mai, ya riƙa murzawa da hannu a hankali. In ya murza kaɗan sai ya tsaya, ya share, ya auna. Yini guda ya yi a kan ramuka shida, har suka zama daidai da juna, dalma tana wucewa da turin yatsa. Mutumin yana zaune yana kallo, bai ga abin da ya canja da ido ba.

Ranar gwaji ya tsaya a gaban allon. Ya harba shida. Da shugaban ya je dubawa, sai ya tarar da dukansu a tsakiyar da'ira, har ya rufe su da tafin hannunsa ɗaya. Ya dawo ya cire hularsa ya ce, "Baba, ka gafarce ni, na yi saurin yanke maka hukunci." Ya kuma roƙe shi ya tattara sauran libarbobin ya kai wa tsohon. Mutumin ya mai da tasa cikin kube, ya wuce ta tsakanin abokan aikinsa kansa a ɗage, suna miƙo masa hannu.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Harsashin shi ne Maganar Allah, wadda take zuwa mana cikakkiya, ba ragi. Maƙogwaron shi ne zuciyar da muke karɓarta da ita. Bututun kuwa shi ne zamanmu na kullum, a gida da gona da kasuwa. Sau da yawa muna jin an ce mu gafarta, sai zuciya ta matse maganar ta ce, "Ban da wane." Muna jin an ce mu faɗi gaskiya, sai mu rage ta daidai yadda ba za ta cuce mu ba. Maganar da ta fito a rage ba ta iya miƙar da rayuwa. Daga nan sai mu ɗora laifi a kan aikinmu, ko garinmu, ko mutanen gidanmu, mu ce a sauya mana su.

Tsohon mai gyaran yana misalta Ubangiji. Shi ya san inda ƙuncin yake, ba ya kuwa cire abin da ya wuce ƙima, ko da mun ƙosa. Wataƙila a cikinku akwai wanda mutane suka riga suka ce ya ƙare, a kai shi bakin ƙofa. Kada ka yarda da wannan hukunci tun Maigyara bai auna ka ba. Ka kai masa zuciyarka a makon nan, ka zauna ya yi aikinsa. Ranar da za ka tsaya a gaban mutane kanka a ɗage tana zuwa, a ranar kuwa ka faɗa musu hannun wa ya gyara ka.